Dawakan Gonar Spindles da Aikin da Ya Biyo Bayan Kwashe Su

A farkon watan Janairun 2008, sanyin hunturu na kan ganiyarsa a Ingila, jami'an ƙungiyar kare dabbobi ta RSPCA suka shiga wata gona da ake kira Spindles tare da 'yan sanda da likitocin dabbobi. Gonar tana Hyde Heath, kusa da garin Amersham a yankin Buckinghamshire, arewa maso yamma da Landan, kuma ta wani dillalin dawakai ce mai suna James Gray. Abin da suka tarar ya girgiza ƙasar. Mushen dawakai da jakuna sama da 30, wasu a yashe a tsakanin masu rai, su kuma masu ran da yawa sun rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu, an cunkusa su a rumfuna suna tsaye cikin kashinsu. Cikin 'yan kwanaki aka kwashe dabbobi sama da 100, mafi yawansu a ranar 9 ga watan: manyan dawakai, jakuna, da ƙananan dawakai irin na tsibiran Shetland, waɗanda ba su fi ƙugun mutum tsayi ba.

Babu ƙungiya ɗaya da za ta iya karɓar wannan adadi a dare ɗaya, sai aka raba. Horse Trust, wadda aka kafa tun 1886 kuma gonarta ba ta da nisa da wurin, ta ɗauki 14 daga cikin waɗanda suka fi jigata. Redwings, mai hedikwata a Hapton cikin yankin Norfolk, ta tafi da 21, har da wata jaka da aka sa wa suna Martha da 'yar jaririyarta Esther. Ƙungiyar kare dawakai da a wancan lokaci ake kira ILPH, wadda a cikin shekarar ta koma World Horse Welfare, ita ma ta ɗauki nata kason, RSPCA ta nema wa sauran masauki.

Jama'a sun ga hotunan a talabijin da jaridu, gudummawa ta yi ta kwarara, daga kuɗi har ciyawa da mayafan dawakai. Bayan 'yan makonni 'yan jarida suka kama gabansu. Ma'aikatan barga kuwa a lokacin ne aikinsu ya fara, aikin da ya ɗauki shekaru, kuma a ganina abin da ya fi wuya a cikinsa shi ne kame hannu: sanin abin da bai kamata a yi wa dabba ba tukuna, ko da tausayi na ingiza mutum ya yi.

Makonnin farko

Dokin da aka ceto ba ya shiga garke. Wurin killacewa ake kai shi, ya zauna aƙalla mako uku. Dalili mafi girma wata cutar maƙogwaro ce da ƙwayar Streptococcus equi ke haddasawa, mai kawo zazzaɓi, majina mai kauri, da kumburin kaluluwa a ƙarƙashin muƙamuƙi har ta fashe da mugunya. Gonar dillali, inda dawakai daga kasuwanni daban-daban ke shiga suna fita, ita ce matattararta. Ba ta tsaya daga hanci zuwa hanci ba, tana bin bokitin ruwa, ragama, hannun riga, da ƙasan takalmi. Shi ya sa kowane sashe yake da nasa bokiti da shebur da baro, ba a aron na wani. Mai aiki zai sa rigar aiki ta musamman, ya tsoma takalmansa na roba cikin ruwan maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin ya shiga, ya sake tsomawa in zai fita. Safe da yamma ana auna zafin jikin kowane doki. Mai lafiya yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5, in ya haura haka sai a ware shi nan take, domin zazzaɓi kan riga majina zuwa da kwana ɗaya ko biyu, kuma a cikin wannan ɗan tsakanin ne ake iya tsare sauran.

Inda cutar ta fi makirci shi ne bayan ta wuce. Kusan ɗaya cikin goma na dawakan da suka warke kan ci gaba da ɗauke da ƙwayar a cikin wasu aljihuna biyu na iska da ke can bayan maƙogwaro. Mugunya ta daskare a ciki ta zama ƙulalai kamar tsakuwa, doki na kiwo lafiya lau, yana yaɗa cutar shekara da shekaru. Ba a gane shi da ido. Sai likita ya zura siririn bututu mai kyamara ta hanci, ya leƙa aljihun, ya wanko shi a kai ɗakin gwaji. Ko Redwings da ta yi suna wajen yaƙi da cutar ba ta tsira ba, don a 2015 ta ɓulla a ɗaya daga cikin gonakinta, kuma ƙungiyar ta fito fili ta faɗa, abin da masu barga da yawa ke ɓoyewa saboda gudun abin kunya.

Sai batun abinci, inda sabon ma'aikaci ya fi bukatar a riƙe masa hannu. Duk mai imani da ya ga doki ƙashi da fata, abin da zai fara zo masa shi ne ya cika masa kwano da hatsi. Wannan kwanon na iya zama ajalinsa. Jikin da ya daɗe cikin yunwa ya cinye kitsensa ya koma cin tsokarsa, gishirin da ke cikinsa ya yi ƙasa. Da zarar abinci mai sitaci ko zaƙi ya shiga da yawa, sinadarin insulin zai tashi, ya janye fosfet da potasiyam da magnesiyam daga jini zuwa cikin ƙwayoyin jiki, sai zuciya da numfashi su gaza. Yawanci a kwana na uku zuwa na biyar abin ke faruwa, daidai lokacin da kowa ke murnar doki ya fara farfaɗowa. Ko mai azumin yini guda da dabino da kunu yake buɗe baki, balle cikin da ya yi watanni a wofi. Tsarin da aka fi bi shi ne ciyawa zalla, kaɗan-kaɗan: ga babban doki, kimanin rabin kilo na busasshiyar ciyawar alfalfa duk bayan awa huɗu a kwanaki ukun farko, dare da rana, sannan a riƙa ƙarawa sannu a hankali. Doki ya cinye cikin minti goma, ya ɗago yana kallon mai ba shi, yana haniniya. Dole mutum ya juya baya ya tafi. Kafin nama ya dawo yadda yake, sai an yi wata uku zuwa biyar.

Maganin tsutsa ma haka, ba a gaggawa da shi. Akwai wata ƙaramar jar tsutsa da 'ya'yanta ke huda bangon babban hanji su kwanta a ciki duk tsawon hunturu, ba sa nunawa a gwajin kashi. In suka fito gaba ɗaya sai su yayyage hanjin, zawo ya ɓarke, kuma cikin dawakan da abin ya kai wannan matakin har rabi kan mutu. Ba wa raunannen doki magani mai ƙarfi na iya tayar da su. Likita ne ke tsayar da ranar da za a ba shi, wani lokaci tare da maganin rage kumburi. Ƙwarƙwata, ƙurajen da ruwan sama ke haifarwa a gadon baya, da kofaton da ya yi tsawo har ya lanƙwashe sama, duk suna jiran layinsu.

Abin da ma'aikatan dare suka fi tsoro shi ne su haska tocila su ga doki a kwance ya kasa tashi. Dabba mai kilo 400 ko 500 ba ta jure doguwar kwanciya, nauyinta na danne tsokar da ke ƙasa da huhun ɓangaren da ta kwanta a kai. Sai a buga wa mutane waya a taso su daga barci. Mutum ɗaya ya durƙusa ta bayan wuya ya riƙe kan, kada dokin ya buga shi da ƙasa. Biyu su zura faffaɗar ɗamara ta ƙarƙashin ƙirji da mara, suna aiki ta ɓangaren gadon baya, nesa da ƙafafu, domin ko dokin da ya galabaita yana iya karya ƙafar mutum da harbi ɗaya. A maƙala ɗamarar a ƙugiyar da ke rataye a rufi ko a hannun tarakta, a ɗaga a hankali har kofatai huɗu su taɓa ƙasa, wasu na murza masa ƙafafu don jini ya zaga. Wani dokin da ya ji ƙasa sai ya tsaya da kansa ya nemi ciyawa. Wani sai an ɗaga shi kullum har mako biyu ko fiye. Wani kuma ba ya sake tsayawa, likita ya yanke shawarar a hutar da shi.

Dabbar da take hannunka amma ba taka ba

A nan shari'a ta shigo cikin barga. RSPCA ƙungiyar agaji ce da aka kafa a 1824, ba hukuma ba, kuma jami'anta ba su da ikon ƙwace dabbar kowa. 'Yan sanda ne ke ƙwacewa, bayan likita ya tabbatar dabbar na shan wahala ko tana dab da shiga wahala, a ƙarƙashin dokar jin daɗin dabbobi ta 2006, wadda ba ta ma cika shekara da fara aiki a Ingila ba lokacin da aka shiga Spindles. Ƙwacewa ba ta sauya mai shi. Har kotu ta yanke hukunci, dokin na wanda ake tuhuma ne, kuma shi kansa dokin hujja ne a gaban alƙali.

Saboda haka alƙalami ya zama kayan aiki daidai da shebur. Kowace dabba na da lamba da fayil. Ana ɗaukar hotonta ta gaba, ta baya, da ta kowane gefe, a ɗora ta a sikeli, a ba ta maki na ƙiba daga 0 zuwa 5 ta hanyar shafa wuya, haƙarƙari da ɗuwawu. Abin da ta ci, maganin da aka ba ta, yanayin kashinta, duk a rubuce da kwanan wata da sa hannu. Wannan rubutu ne ke amsa tambayar da lauyan wanda ake tuhuma zai yi: yunwa ce ta ramar da dokin, ko wata cuta da ba laifin kowa ba? In fayil ya nuna doki ya ƙara kilo mako bayan mako ba tare da an yi masa komai ba sai ciyawa da ruwa da maganin tsutsa, to gardama ta ƙare. Yarinyar da ke cike takarda da yatsu a sandare saboda sanyi da ƙarfe bakwai na safe, shaida take ginawa.

A watan Afrilun 2008, wata uku kacal da kwashe dabbobin, wata kotu ta ba da umarnin a mayar wa iyalan Gray jakuna 11 da ƙananan dawakan Shetland 18, a kuma yi gwanjon sauran 82. Ka auna yadda wannan labari ya sauka a kunnen mutanen da suka kwana suna ɗaga su da ɗamara. RSPCA ta ƙalubalanci umarnin, aka dakatar da shi, dabbobin suka zauna inda suke. A watan Mayun 2009 aka sami James Gray da laifi tare da wasu daga cikin iyalansa. A watan Yuni aka yanke masa ɗaurin mako 24, aka hana shi riƙe dawakai har ƙarshen rayuwarsa, aka ce ya biya fam 400,000 na kuɗin shari'a. Ya ɗaukaka ƙara, abin ya kai Mayun 2010, bai yi nasara ba, ya sulale daga harabar kotun Aylesbury, aka kama shi a kan babbar hanya bayan kimanin mako biyu.

Shekara biyu da watanni ke nan dabbobi sama da ɗari na zaman jira. A tsawon irin wannan lokaci ba a ba da doki riƙo ga kowa, ba a sayar da shi, kuma dandaƙa ma, wadda ke sa namiji ya natsu ya zauna cikin garke, ba a yin ta sai da izinin mai shi ko wata larura ta lafiya. Don haka maza sai a ware su, kowane da shingensa, abin da ke cin fili da ma'aikata. Goɗiya kuwa cikinta wata goma sha ɗaya ne, kuma a gonar da aka bar maza da mata a cakuɗe, da yawa kan iso da ciki. Adadin da aka karɓa a Janairu ba shi ne adadin da ake ciyarwa a ƙarshen shekara ba. Da aka gama komai, Redwings kaɗai ta ƙare da kusan 60 daga dabbobin Spindles.

Yini guda

In aka cire tashin hankalin makonnin farko, aikin yau da gobe maimaici ne, kuma a cikin maimaicin ake kama matsala tun tana ƙarama. Abu na farko da safe ƙirga ne. Sai a bi su ɗaya bayan ɗaya: yana taka ƙafa huɗu daidai? Ido a buɗe, ba hawaye? Hanci a bushe? Ya taso da aka kawo ciyawa, ko ya tsaya gefe shi kaɗai? Doki ba ya iya amai, shi ya sa murɗawar ciki ke kashe shi cikin awoyi, kuma alamarta ta farko ba ta wuce ya bar abinci, ya riƙa waiwayen cikinsa, ko ya tona ƙasa da ƙafar gaba. Wanda ya san dokin ne kaɗai zai ce yau ba haka yake ba. Wannan ne dalilin da ya sa ake barin ma'aikaci a kan garke ɗaya ya daɗe.

Jaki ya fi doki wuyar karantawa, domin ba ya nuna ciwo. Jakin da ya yi shiru ya sunkuyar da kai, ko yake wasa da baki a cikin ciyawa ba ya haɗiya, ana kiran likita ne a lokacin, ba a jira yamma ba, saboda in ya daina ci kitse kan malalo cikin jininsa ya lalata hanta. Gashinsa kuma ba ya tare ruwa kamar na dawakan ƙasar, ga Ingila da ruwan sama, don haka dole a yi masa rumfa. Yana kuma shaƙuwa da abokin zama ɗaya, har in za a kai shi asibiti sai a tafi da abokin.

Daga nan sai aikin ƙarfi. A fasa ƙanƙarar da ta rufe kwamin ruwa, domin babban doki na shan lita 25 zuwa sama a yini. A rarraba ciyawa tsibi-tsibi, tsibin ya fi yawan dawakan, don kada masu ƙarfi su hana raunana. A kwashe shimfiɗar da ta jiƙe a zuba sabuwa. A bi fili da baro ana tsince kashi, wanda babban doki ke zubar da kilo 15 zuwa 20 a yini. Ba don tsabta kawai ake wannan ba, ƙwan tsutsa a cikin kashin yake, kuma tun da tsutsotsin suka fara jure magunguna, baro ya zama rabin maganin. Yanzu sai an kai kashi an ƙirga ƙwan a ƙarƙashin madubin likita kafin a ba doki magani.

Kofato na bukatar yanka duk mako shida zuwa takwas. An yi lokacin da Redwings ke riƙe da dabbobi kusan 1,500 a gonakinta, kuma in ka yi lissafi za ka ga kimanin 40 ne ke bukatar mai gyaran kofato a kowace ranar aiki. Haƙoran doki na ci gaba da tsirowa har ya tsufa, sai an goge kaifinsu aƙalla sau ɗaya a shekara, ga allurar rigakafin sanƙarar tsoka da ta mura. Duk wannan ba ya yiwuwa in dokin ba ya yarda a taɓa shi.

Nan ne horo ya shigo, kuma shi ne aikin da ya fi cin lokaci. Dawakan dillali da yawa ba su san hannun mutum ba sai a ranar da aka kora su cikin mota da sanda. Mai horo zai shiga shinge bai kalli ƙurun ido cikin ido ba, ya nufi kafaɗarsa a karkace, domin idanun doki a gefe suke, ba ya ganin abin da ke daidai bayansa ko dab da hancinsa. Ya tsaya a inda ƙurun ya fara ɗaga kai. Da ya sauke kai ko ya saki numfashi, sai mai horon ya ja da baya taku biyu. Ja da bayan shi ne ladan. Gobe a ƙara taku ɗaya. In an zo taɓawa, wasu kan ɗaura safar hannu da aka cusa wa tsumma a kan doguwar sanda, ta zama hannun aro, a fara shafa kafaɗa da ita, a gangara ƙafa, ta yadda in ya yi harbi sanda ya harba. Minti biyar ko goma ya isa, a bar shi kafin ya gaji. Ana iya yin watanni kafin ragama ta shiga kansa. Ba sirdi ake nufi da wannan duka ba. Abin da ake so ya tsaya a yi masa allura, ya ɗaga ƙafa in an nema, ya shiga mota ranar da ciwo ya kama shi.

Da shekara ta juya

Abin mamaki, ƙurun da aka ɗauko yana dab da mutuwa da yunwa, bayan shekara biyu ƙiba ce ke neman halaka shi. Ƙananan dawakan Birtaniya, na Shetland da na tsaunukan Wales da makamantansu, jikinsu ya saba da ƙasa mai ƙarancin kiwo, kaɗan ke isar su. In aka sake su cikin ɗanyar ciyawar watan Afrilu da Mayu mai yawan zaƙi, sai naman da ke riƙe ƙashin ƙafa a cikin kofato ya kumbura. Za ka ga ƙuru ya miƙa ƙafafun gaba ya jingina baya, kofato da zafi, jijiyar bayan ƙafa na bugawa da ƙarfi. In ya yi tsanani ƙashin kan juya ya nufi tafin kofato. Don haka ma'aikacin da ya yi hunturu yana lallashin doki ya ci, yanzu shi ne mai sa masa takunkumin kiwo mai ƙaramin rami a ƙasa, mai matsar da igiyar lantarki taku ɗaya kullum don a rage masa fili, mai jiƙa busasshiyar ciyawa cikin ruwa don zaƙinta ya fita. Baƙi masu ziyara kan ga takunkumin su ce mugunta ce. Da sun taɓa ganin ƙuru mai wannan ciwo yana ƙoƙarin juyawa a kan siminti, da ba su faɗa ba.

Kowane lokaci da nasa. Da zafi, ana tuge wata ciyawa mai furen rawaya da ke lalata hantar doki, a tuge ta da saiwa, a sa safar hannu, a kwashe ta daga filin domin busasshiyarta ta fi haɗari. Da kaka ana kewaye wasu itatuwa da shinge saboda 'ya'yansu na da dafi. Hunturu kuwa taɓo ne har gwiwa da ƙurajen ƙafa.

Wanda ya tafi da wanda ya zauna

Bayan kotu ta mallaka wa ƙungiya dabba, sai a duba ko za ta iya zama a gidan wani. Ba sayarwa ake yi ba, riƙo ake bayarwa. Doki na nan a matsayin mallakar ƙungiya har ya mutu, ana zuwa a duba wurin kafin a kai shi, ana dawowa dubiya lokaci-lokaci, kuma in mai riƙo ya rasa aiki ko lafiya, sai ya dawo da shi. Hikimar a fili take, dokin da aka sayar ba wanda ya san hannu na nawa zai ƙare, kuma ta wannan hanya ce dabbobi ke gangarawa har su faɗa irin gonar Spindles. Wasu a ba da su don hawa, wasu don su zama abokan zaman wani doki kawai, tun da doki dabbar garke ce, kaɗaici na cutar da shi.

Waɗanda ciwo ko tsoro ya hana su tafiya sai su zauna. Doki kan kai shekara 25 zuwa 30, ƙuru da jaki su wuce haka, don haka karɓar jaririya irin Esther alkawari ne na shekaru talatin ko fiye. Tsofaffin da haƙora suka ƙare ana jiƙa musu abinci ya zama kamar fate sau uku ko huɗu a yini. Masu ciwon gaɓoɓi da na ƙwayar da ke ƙasan ƙwaƙwalwa suna shan magani kullum. Ranar da ciwo ya fi ƙarfin magani, likita da masu kula da shi su zauna su yanke shawara, kuma akan bar abokin zamansa ya ga gawar ya shinshina ta, musamman jaki, don kada ya yi ta nemansa har ya daina ci.

Duk wannan ba da kuɗin gwamnati ake yi ba. Gudummawar jama'a ce, da wasiyyar da mutane ke bari, da tsarin da mutum ke biyan wani abu a shekara da sunan dabba ɗaya a riƙa aiko masa da labarinta. Mai karatu da ya san darajar doki a Kano ko Katsina ko Damagaram, inda ingarma dukiya ce kuma ado ne na sarauta, zai yi mamakin yadda ake yasar da shi haka. Amsar tana kasuwa. Bayan durƙushewar tattalin arzikin 2008, an kai matsayin da ake sayar da ƙaramin namiji marar asali fam 5 a wasu kasuwannin Birtaniya, kuɗin da bai kai na dandaƙa ko na takardar shaidarsa ba. Saye da araha, riƙo da tsada. Masu kiwo barkatai suka ci gaba da haifarwa, ana zuba dawakai a filayen mutane ba izini, gonakin ƙungiyoyi suka cika. Shi ya sa jami'an da ke amsa kiran jama'a suka fi son gyara lamari a inda dokin yake, da shawara da gargaɗi, domin duk wanda aka ɗauko ya cinye gurbin wani.

Dokoki sun ɗan motsa tun daga lokacin. Daga Yulin 2009 aka wajabta saka wa kowane sabon ɗan doki ƙwayar lantarki mai lamba a wuya, zuwa Oktoban 2020 kuma aka haɗa da dukkan dawakan Ingila, don a daina rasa mai dabba in an tsince ta. Dokar 2015 ta ba mai fili damar ɗaukar mataki a kan dokin da aka yasar masa bayan awa 96. A 2021 hukuncin zaluntar dabba mafi tsanani ya tashi daga wata shida, wanda shi ne iyakar abin da ake iya yanke wa irin su Gray, zuwa shekara biyar. A 2024 aka hana fitar da dabbobi masu rai daga Birtaniya don yanka, har da dawakai, abin da wata mata mai suna Ada Cole ta kafa ƙungiyar ILPH, wato World Horse Welfare ta yau, a kansa tun 1927. Batun zaman jira kuwa Sikotilan ce ta taɓa shi kai tsaye: dokarta ta 2020 ta ba da damar a nema wa dabbar da aka ƙwace sabon gida bayan sanarwar mako uku, ba sai an jira ƙarshen shari'a ba, in dai mai ita bai ƙalubalanta ba. A Ingila hanyar da dokar 2006 ta tanada ita ce a roƙi kotu ta ba da umarni kafin a gama shari'a, kuma irin wannan zama ne ya haifar da umarnin gwanjon nan na Afrilun 2008.